Darasin Kimiyya: Koren Ruwa, Sabon Kwami da Numfashin Kifi

Yara, darasinmu na yau a kan tambaya ɗaya ya tsaya. Me ke kashe kifi yana tsakiyar ruwa, ba wanda ya sa masa guba, ba tsuntsun da ya taɓa shi, abinci kuma bai yanke masa ba? Duk wanda ya zauna kusa da tabki a ƙasar Adar ya san irin wannan safiya. Jiya da marece ruwa kore shar, kifi na ta wasa. Yau da asuba sai a tarar da karfasa ta taso sama baki buɗe, wasu har sun juya ciki fari fat. Nan take a fara zargin maƙwabci, ko a ce an zuba wani abu da dare. Galibi ba wanda ya zo. Abin da ya kashe su tun da rana yake cikin ruwan, kuma sau da yawa mai kifin ne ya zuba shi da hannunsa, da kyakkyawar niyya.

Maganar ta shafe mu kai tsaye. Ƙasar Adar ba ta da kogi mai gudu duk shekara. Ruwan saman da ke sauka tsakanin Keita, Buza da Madawa bai cika wuce milimita 500 ba, rana kuwa tana iya shanye sama da mita 2 na ruwan da ke kwance a fili kafin shekara ta zagayo. Duk da haka muna da ruwan kwance. Tun 1984, da aikin raya karkara na Keita ya kankama da kuɗin ƙasar Italiya da hannun hukumar FAO, iyayenku mata da kakanninku suka yi ta ɗaukar duwatsu a ka, aka tare ƙoramu, aka gina madatsun ruwa, a wasunsu aka zuba irin kifi. Tabkin Tabalak da ke kan hanyar Tawa zuwa Abalak, wanda ya shiga jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2005, masunta da yawa a kansa suke ci. Duk saurayin kuma da ya gina kwamin siminti ko ya shimfiɗa tamfol a gefen lambun albasa a fadamar Tarka, ya sayo ƴaƴan tarwaɗa ya zuba, zai haɗu da abin da za mu karanta yau, ko ya sani ko bai sani ba.

Na ɗaya: iskar da ke cikin ruwa

Kifi yana numfashi kamar kowace dabba, kuma oksijin yake buƙata. Bambancin shi ne nasa oksijin ɗin narke yake a cikin ruwa. Idan kun ɗaga marfin kumatun kifi za ku ga wani jan nama mai tsefe-tsefe. Wannan ita ce gaɓar numfashinsa. Ruwa yana shiga ta baki, ya bi ta kanta ya fita, jini ya karɓi oksijin.

Ku kwafi waɗannan alƙaluma daga allo, don duk darasin a kansu zai hau. Lita ɗaya ta iskar da muke shaƙa a ajin nan tana ɗauke da oksijin sama da miligiram 250. Lita ɗaya ta ruwa mai zafin digiri 20, idan ta cika maƙil, wajen miligiram 9 kawai take iya riƙewa. A digiri 25 ya sauka zuwa 8.3, a digiri 30 zuwa 7.6, a digiri 35 kuwa wajen 7. Ke nan kifi yana rayuwa ne a kan wajen kashi ɗaya cikin talatin na rabonmu, kuma duk sa'ad da ruwa ya ƙara zafi sai rabon ya ƙara raguwa. Abin bai tsaya nan ba. Jikin kifi zafin ruwa yake bi, don haka a bazara, cikin Afrilu da Mayu, lokacin da ruwan ya fi kasa riƙe iska, a lokacin ne jikin kifin ya fi buƙatarta.

Karfasa tana sakewa ta ci ta girma idan oksijin ya kai miligiram 5 a lita. Idan ya faɗi ƙasa da 2 sai ta bar cin abinci ta taso sama tana haki. Tarwaɗa ita tana da wata gaɓa ta biyu a cikin kanta wadda take shaƙar iskar sarari da ita, shi ya sa kuke ganinta tana leƙo kai ta koma. Wannan baiwa ce ta ruɗi masu kiwo da yawa har suke cewa tarwaɗa ba ruwanta da ƙazamin ruwa. Ba ta saurin mutuwa, gaskiya ne. Amma tana daina girma, gyambo ya fito mata, ƙananan ƴaƴanta kuwa, da ba su gama mallakar wannan gaɓa ba, mutuwa suke yi kamar kowane kifi.

Na biyu: gansakuka, da rana da kuma dare

Abin da ke mayar da ruwa kore halittu ne ƙanana ƙwarai, mafi yawansu ƙwayar halitta ɗaya tak, ido ba ya ganin guda sai an sa madubin ƙara girma. Wasu suna yawo a cikin ruwa su rina shi, wasu suna yin zare-zare su manne a bango da duwatsu. Duka muna kiransu gansakuka. Aikinsu irin na ganyen shuka ne: su karɓi hasken rana, su zuƙi iskar kabon, su haɗa abincinsu, su saki oksijin.

Don haka koren ruwa madaidaici alheri ne. Shi ke ba tabki mafi yawan iskarsa, shi ne abincin ƙananan ƙwarin ruwa da ƴaƴan kifi ke ci, karfasa ma tace shi take ta haɗiye. Mai kiwon karfasa da gangan yake sa ɗan taki a sabon tabki don ruwan ya yi kore.

To amma rana tana faɗuwa. Da magariba ta yi, gansakuka ta daina sakin oksijin, numfashinta kuwa bai tsaya ba. Daga nan har gari ya waye kowa ɗiba yake, ba mai zubawa: kifi na ɗiba, gansakuka na ɗiba, bakteriyar da ke ruɓar da kashi da ragowar abinci a ƙasan ruwa su ma suna ɗiba. Idan kuka zana wannan a takarda za ku ga layin oksijin ya hau tun hantsi, ya kai ƙololuwa wajen la'asar, sannan ya yi ta gangarowa har ya taɓa ƙasa daf da asuba. Gwargwadon kaurin koren, gwargwadon tsawon hawan da zurfin faɗuwar. Ruwan da ya wuce miligiram 12 da la'asar yana iya wayar gari ƙasa da 1. Amsar tambayarmu ta farko ke nan.

Akwai ranakun da haɗarin ya fi yawa, kuma kun san su. Ranar da hazon hunturu ya rufe rana, ko hadari ya wuni bai sauka ba, gansakuka ba ta tara iskar kirki ba, dare kuma tsawonsa ɗaya. Sai ruwan farko na damina. A tabki mai zurfi, ruwan sama-sama mai ɗumi yakan kwanta a kan na ƙasa mai sanyi wanda iskarsa ta ƙare tuntuni. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi da iska, sai na sama ya huce ya nutse, na ƙasa ya taso da baƙin laka da wari, duka su gauraye. A ƴan sa'o'i tabki ya rasa iska daga sama har ƙasa.

Akwai lokaci na biyu na haɗari wanda mutane ba su cika lura da shi ba, shi ne la'asar. Kun san ma'aunin pH daga darasin baya: daga 0 zuwa 14, bakwai ne tsakiya, ƙasa da shi ɓangaren tsami, sama da shi ɓangaren kanwa. Iskar kabon idan ta narke tana ɗan tsamama ruwa. Da rana gansakuka tana zuƙe ta, sai ruwan ya karkata ɓangaren kanwa, a koren ruwa mai kauri har ya kai 9 ko ya wuce. Ku riƙe wannan, yanzu za mu ga abin da yake jawowa.

Na uku: daga ina gansakuka take samun abin da take ci

Bahaushe ya ce ruwa ba ya tsami banza. Haka ma ba ya yin kore banza. Gansakuka abu biyu take nema ban da haske: naitirojin da fosfaras, wato dai abin da ke cikin buhun yuriya da na 15-15-15 da ake zuba wa albasa. A 1973 wani masani mai suna David Schindler ya raba wani tabki a ƙasar Kanada gida biyu da labulen roba. Gefe ɗaya ya sa naitirojin da kabon, ɗaya gefen ya sa su ya ƙara fosfaras. Gefen fosfaras ya rikiɗe kore kakkaura, ɗayan ya zauna garau. Hoton wannan tabki ya taimaka wajen sa ƙasashe da dama rage fosfaras a omon wanki.

A tabkunanmu hanyoyin shigarsu a fili suke. Garken shanu da raƙuma da ke shiga ruwa su sha su yi kashi a ciki. Takin lambu da ruwan farko ke wankowa. Kumfar wanki. Ga rana tana shanye ruwa ta bar abin da ke narke a cikinsa, ta yadda tabkin da ya ragu zuwa rabi a watan Maris abincin gansakukarsa ya ninka.

A kwami kuwa hanya ɗaya ce babba, ita ce hannun mai ciyarwa. Mu yi lissafi tare. Kwami mai tsawon mita 3, faɗin mita 2, zurfin ruwa mita 1, lita nawa ke nan? Lita 6,000. A ce an zuba masa kilo 1 na abincin kifi mai furotin kashi 35 cikin ɗari. Furotin ɗin giram 350 ne. Kashi 16 cikin ɗari na furotin naitirojin ne, wato giram 56. Abin da kifi ke mayarwa tsoka bai cika wuce kashi ɗaya cikin uku ba, saura wajen giram 40 ruwa yake komawa, mafi yawansa a matsayin amoniya da kifi ke fitarwa ta gaɓar numfashinsa. Ku raba miligiram 40,000 da lita 6,000. Kusan miligiram 7 a kowace lita, daga kilo ɗaya kacal.

Amoniya kama biyu gare ta a cikin ruwa, ɗaya mai sauƙi, ɗaya mai dafi, kuma pH da zafi ne ke yanke rabon kowace. A digiri 30, idan pH yana 7, mai dafin ba ta kai kashi 1 cikin ɗari ba. A pH 8 ta haura kashi 7. A pH 9 ta kusa kashi 45. Kun ga inda la'asar ta shigo. Amoniyar da kifi ya kwana da ita lafiya da safe, ita ce za ta ƙona masa gaɓar numfashi da yamma, don kawai gansakuka ta ɗaga pH. Kifin da gaɓarsa ta ƙone da la'asar shi ne zai fuskanci ƙarancin iskar asuba, kuma shi ne farkon juya ciki.

Na huɗu: me ya sa sabon kwami ya fi kisa

A tsohon tabki akwai masu sharar amoniya. Bakteriya ne da ke zaune a kan laka, tsakuwa da bango. Wani masani ɗan Rasha, Sergei Winogradsky, shi ya fara ware su wajen 1890. Rukuni na farko, irin su Nitrosomonas, suna mayar da amoniya nitirit. Nitirit ma dafi ne: yana shiga jinin kifi ya hana shi ɗaukar oksijin, har jinin ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, kifi ya yi ta haki a ruwan da ke cike da iska. Rukuni na biyu, irin su Nitrobacter da Nitrospira, su ke mayar da nitirit nitirat, wanda ba shi da zafin dafi, kuma tsirrai da gansakuka ke shanyewa.

Sabon kwami ba shi da waɗannan bakteriya, kuma ba masu saurin haihuwa ba ne. Kafin su yi yawan da za su iya da aikin, sai an yi mako huɗu zuwa shida. A tsakanin nan amoniya ce ke fara hawa, tana sauka nitirit ya hau, sai daga baya duka su kwanta. Wanda ya gama gini ranar Laraba, ya cika ruwa Alhamis, ya juye ƴaƴan kifi dubu ranar Juma'a ya bi su da abinci, ya sa su ne a tsakiyar wannan hawa biyu. A ganina babu kuskuren da ya fi wannan cin jarin masu fara kiwo, kuma abin takaici ana yawan ɗora laifin a kan mai sayar da iri.

Yadda uwayenku ke zuba ɗan tsohon kindirmo a sabuwar madara don ta kama, haka ake yi wa sabon kwami. A ɗebo tsakuwa ko soson matata daga tsohon kwami mai lafiyayyen kifi, a kawo da danshinsa a sa a sabon. Sannan a fara da kifi kaɗan da abinci kaɗan, a riƙa ƙarawa mako-mako.

Sabon siminti shi ma yana da nasa sharrin. Yana tsatso farar ƙasa cikin ruwa, pH ya haura 10. Dole a cika kwamin, a bar shi kamar mako guda, a zubar, a goge bango, a maimaita har ruwan ya daidaita. Ruwan rijiyar burtsatse kuma, duk tsabtarsa, daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa kusan ba iska, don haka a bar shi ya zubo daga sama yana fantsama. Na famfo yana iya zuwa da kulorin, wanda ke kashe kifi da bakteriyar duka, sai ya kwana a buɗe kafin a yi aiki da shi.

Na biyar: ɗan tekun da ake ajiyewa a ɗaki

Don ku tabbatar doka ɗaya ce ko'ina, bari mu leƙa wani kiwo da ba a yi a nan. A biranen Turai, Amurka da ƙasashen Larabawa akwai masu ajiye kifin teku da murjani a akwatin gilashi. Ruwan teku yana ɗauke da gishiri wajen giram 35 a lita, na Bahar Maliya da alhazai ke gani a Jidda ya kai 40. Teku ba baƙo ba ne gare mu kamar yadda kuke zato. Kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce ruwan teku ne kwance a kan Adar, shi ya sa ake tsintar ɓawon halittun teku da suka zama dutse a tsaunukanmu, kuma farin dutsen da ake yin siminti da shi a Malbaza a ƙasan wancan teku ya taru.

Murjani dabba ne, ko da yake a kafe yake. A cikin naman jikinsa wata irin gansakuka ke zaune, tana haɗa abinci da hasken rana tana ba shi. Idan ruwa ya zarce zafin da ya saba da digiri ɗaya kacal na makonni, sai ya kore ta, ya yi fari, in abin ya daɗe ya mutu. Mai akwatin gilashi yana tsare zafin ruwansa wajen digiri 25, kuma yana buƙatar fitila mai ƙarfi saboda murjani. Haske mai ƙarfi da sabon ruwa kuwa gayyatar gansakuka ce. A makonnin farko wani ƙura-ƙura ruwan ƙasa ke rufe yashi da gilashi, na wasu ƙwayoyi masu gina ɓawonsu da sinadarin yashi. Bayan su koren zare ya biyo, wani lokaci da wani jan yauƙi. Gwanayen wannan kiwo ba sa firgita. Sukan jira zagayen bakteriya ya kammala kafin su sa kifi, su ciyar kaɗan, su canja kamar kashi 10 cikin ɗari na ruwan kowane mako, su rage sa'o'in fitila, su sa dodon koɗi da kifaye masu kiwon gansakuka. Idan ruwa ya ragu da tururi, ruwan daɗi suke ƙarawa, don gishiri ba ya tashi. Sabon kifi kuma ba ya shiga sai ya yi makonni a akwati na dabam. Ban da maganar gishiri, babu ɗaya a cikin waɗannan da bai dace da kwamin Madawa ba.

Na shida: gansakuka mai dafi

Akwai wani iri da nake so ku sani da kyau, don ya wuce maganar kifi. Asalinsa bakteriya ne masu haɗa abinci da haske, launinsu kore mai ratsin shuɗi. Suna son ruwa mai ɗumi, marar motsi, mai yawan taki, wato tabkinmu a ƙarshen rani. Sukan taso sama su yi kauri, iska ta tara su a gefe guda, daidai inda dabbobi ke sa baki. Wasunsu, irin Microcystis, suna fitar da dafi mai lalata hanta. Tun 1878 George Francis ya ba da rahoton mutuwar dabbobin da suka sha daga tabkin Alexandrina a Ostareliya. A 2014 an hana mutane wajen 400,000 shan ruwan famfo na kwanaki a birnin Toledo na Amurka saboda shi. A 2020 giwaye sama da 300 suka mutu a Botswana, hukumomin ƙasar suka ɗora alhakin a kan dafin irin wannan gansakuka. Tafasa ruwa ba ta kashe shi. Ba dukan dangin ba ne masu cutarwa, don matan Kanembu a yankin Tabkin Chadi sun daɗe suna kwasar wani irinsu suna shanyawa suna miya da shi. Amma ido ba ya rarrabe mai dafi da marar dafi, don haka duk ruwan da ya yi wannan kama a nisantar da dabbobi da yara daga gare shi.

Gwaji biyu ne masu sauƙi. Ku tura sanda cikin koren ku ɗago. Idan zare-zare suka rataya a jikinta, koriyar gansakuka ce ta yau da kullum. Idan ta fito a shafe kamar an tsoma ta a fenti, ku yi hattara. Na biyu, a cika kwalba a ajiye ta a inuwa mai sanyi ta kwana ba a taɓa ba. Ta yau da kullum takan kwanta a gindi, wannan kuwa sama take taruwa ta yi zobe a wuyan kwalba.

Na bakwai: abin da mai kifi zai yi

Na ga hannu a baya. Kina cewa, Malam, to me zai hana a sa magani a kashe gansakukar duka a huta? Tambaya ce mai kyau, kuma maganin yana nan, irin shuɗin gishirin tagulla. Amma ki tuna da bakteriya masu ruɓarwa. Gansakukar da ta mutu gaba ɗaya a rana guda ta daina ba da iska, ruɓarta kuma zai shanye wadda ta rage, in mai dafi ce ta fashe ta saki dafinta. Tagullar kanta guba ce ga kifi idan ta ɗan yi yawa. Bayan mako biyu koren zai dawo, tunda takin da ya haife shi yana nan. Ni dai ba na ba ɗan koyo shawarar taɓa ta.

Abin da ya fi shi ne aunawa. A 1865 wani limamin Kirista masanin taurari ɗan Italiya, Angelo Secchi, ya riƙa zura farin faifai a teku yana auna zurfin da yake ɓacewa. Har yau da wannan dabara ake aiki. Ku sami marfin bokitin fenti fari, ku kafa shi a bakin sanda, ku yi wa sandar alamar santimita. Idan marfin ya ɓace a zurfin 30 zuwa 45, koren daidai yake. Idan tun kafin 20 ya ɓace, ya yi kauri. A nan sai a tsayar da taki, a rage abinci, a zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu ko cikin uku na ruwan daga ƙasa, a maye da sabo. Ruwan da aka fitar kada a zubar a banza, a juya shi fangalin albasa ko na kabeji, taki ne narkakke. A rufa rabin kwami da zana ko tabarmar kaba don a rage masa rana.

Ranar da aka wayi gari kifi na haki a sama, abu uku ne cikin gaggawa. Kada a ba da abinci ko ƙwaya ɗaya, don narkar da abinci iska yake ci. A tayar da injin ban ruwa ya ja daga sama-sama ya watsa sama ya dawo, in babu a yi ta ɗiba da bokiti ana kwararowa. A shigo da sabon ruwa. Idan ana zaton nitirit ne, gishirin miya giram 1 zuwa 2 a lita yana tare masa hanyar shiga jini.

A ranakun lafiya kuwa, a ciyar bayan rana ta ɗaga, gwargwadon abin da za su cinye cikin minti 10 zuwa 15. Cikin sanyin Disamba da Janairu a rage, don karfasa tana ja da baya da ci idan ruwa ya sauka ƙasa da digiri 20. A kwashe mataccen kifi nan take. Kada a wanke famfon feshin maganin ƙwari ko'ina kusa da ruwan. Sabbin ƴaƴan kifi a ɗauko su da sanyin safiya, a bar ledarsu ta yi iyo a kan ruwa kamar minti 20 har zafin ya zo ɗaya, kuma su yi mako biyu zuwa huɗu a wuri na dabam kafin a haɗa su da na gida.

Cututtukan kifi da yawa suna nan tare da shi kullum, suna jiran ya raunana. Fararen ɗigo-ɗigo a fata, goga jiki a bango, gyambo, zaizayar wutsiya, kifi ya ware kansa a kusurwa: duk wanda ya ga waɗannan ya fara bincikar ruwa kafin ya nufi mai magani. Al'adar farke kafso na mutane ana juyewa a kwami ɓarna ce biyu. Tana kashe bakteriyar da aka yi mako shida ana reno, tana kuma koya wa ƙwayoyin cuta jure maganin da ku da kanku za ku buƙata wata rana. A nemi jami'in gandun daji mai kula da kamun kifi ko malamin dabbobi ya duba.

Aikin gida

Kowane rukuni ya nemo kwalba uku masu haske, ya cika su da ruwan tabki ɗaya. Ta farko a bar ta haka a rana. Ta biyu a sa mata ƙwaya uku na takin 15-15-15, ita ma a rana. Ta uku a sa mata taki daidai da ta biyu, a naɗe ta da baƙar leda. Kullum ku rubuta launin kowace har kwana goma, ku lura da wadda ƙananan kumfa ke tasowa a cikinta da tsakar rana.

Na biyu, ku jiƙa zoɓo ba sukari, ku tace. Ku fara gwada shi a kofi biyu, ɗaya da lemun tsami, ɗaya da ruwan kanwa, don ku ga yadda yake yin ja wur a tsami ya kuma juya duhu mai kore-kore a kanwa. Sannan ku ɗebi ruwa daga kwalba ta biyu da asuba, ku sake ɗiba da la'asar, ku ɗiga wa kowane zoɓo ɗigo biyar, ku kwatanta launin a kan farar takarda. Ku rubuta mini dalilin abin da kuka gani cikin layi biyar.

Wajen ɗibar ruwan, ku ɗaura gwangwani a dogon kara ku tsaya a tudu, kada kowa ya sa ƙafa a tabki saboda tsargiya. Ku tafi uku-uku, kada ƙannenku su bi ku, ku wanke hannu da sabulu in kun dawo. Za a kawo kwalaben aji ranar Litinin ta sama.